Abin da ƙidayar shaho ta koya mini a Kufena

Idan hunturu ya janye, zafin bazara ya fara kankama a watan Maris, tsuntsayen farauta da suka yi rani a wajenmu sukan kama hanyar arewa, su koma Turai da Asiya inda suke yin ƙwai. Yawancinsu ba sa son wahalar kaɗa fiffike. Jira suke rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama, su hau ta suna kewayawa har su yi nisa, sannan su zame zuwa ta gaba. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke cunkusuwa a inda ruwa ya fi ƙunci, kamar mashigin Jibralta tsakanin Maroko da Sifen, wanda faɗinsa kilomita 14 ne kacal a inda ya fi matsewa. A irin waɗannan wurare ne 'yan sa-kai suke zama tun safe suna ƙirga. A Batumi ta ƙasar Jojiya sun fara tun 2008, kuma a lokacin kaka sukan ƙirga sama da miliyan ɗaya.

Zariya ba mashigi ba ce. A nan tsuntsayen a warwatse suke wucewa, ɗaya nan, biyu can. Duk da haka wani malaminmu ya tara mu, ɗalibai kaɗan, muka riƙa hawa Dutsen Kufena da hantsi, da madubin hangen nesa da littafin rubutu da gorar ruwa. Sharaɗinsa guda ne: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kuma a rubuta abin da aka gani kawai.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne darajar sifiri. Akwai ranar da hazo ya dawo, muka yi ta zuba ido sama babu ko gilmawar fiffike. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Malam, yau dai mun yi asarar rana." Malam ya karɓi littafin, ya rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa muka fara, da inda iska ke fuskanta, da cewa hazo ya rufe gari har ba a hango Samaru, sannan ya zana sifiri ƙato. Ya ce wanda ya zo bayanmu yana buƙatar sanin cewa mun zauna mun duba ba mu gani ba, domin shafin da aka bari fanko ba ya gaya wa kowa komai, ko tsuntsu ne bai zo ba, ko mutum ne ya yi barci. Na daɗe ina juya maganar nan. A karatunmu an saba mana da cewa sakamako mai kyau shi ne wanda ya cika takarda, kuma daga nan ne ɗalibi ke fara ƙara gishiri a alƙaluma. Ƙidaya ba ta yafe wannan. Lamba ɗaya ta ƙarya tana gurɓata na gaskiya da ke kewaye da ita, kuma ba mai iya tsince ta daga baya.

Haka ma wajen tantancewa. Tsuntsu yana can ƙololuwa, ɗigo ne kawai a cikin hasken rana. Sai ka lura da yadda ya riƙe fikafikansa, ko a shimfiɗe ko a ɗage, da wutsiyarsa, ko mai baki biyu ce irin ta shirwa ko mai tsawo ce a miƙe. In abin ya gagara, akwai layin "ba a tantance ba", kuma babu kunya a cika shi. Shirwa ma kanta sai an yi hattara: mai rawayan baki 'yar Afirka ce, damina take bi tana kai da komo a cikin nahiyar, mai baƙin baki kuwa baƙuwa ce daga ƙetare.

Wani dattijo da ke sharar gona a gindin dutsen ya taɓa tsayar da mu. "Samari, me kuka ɓatar a sama?" Muka ce, "Baba, shaho muke ƙirgawa." Ya yi shiru, sannan ya ce mu ƙirga masa ungulu, don da yana yaro ba a iya shanya nama a mahauta saboda su, yanzu kuwa sai ya yi shekara bai ga ko ɗaya ba. Gaskiyarsa. Tun 2015 aka saka ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Kuma abin da ya fara tona girman ɓarnar a yankinmu ƙidaya ce mai sauƙi: wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga tsuntsayen farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan mikiyoyi masu cin mushe sun kusa ɓacewa a wajen gandun daji. Ba don littafinsa na farko ba, da na biyun bai nuna komai ba.

Abin da ke damuna shi ne, wani shaho mai launin toka da ake tarairayar sheƙarsa a gonakin Faransa da Holan, watanni yake yi a Sahel yana cinye mana fara, amma masu lura da shi a ɓangarenmu ƙalilan ne. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan 'yan sa-kai daga ko'ina a Najeriya don haɗa taswirar tsuntsayen ƙasar, kuma da waya ake aikawa. A nan kewayen Zariya, bakin kogin Kubanni da fadamar kogin Galma da madatsar ruwan Shika duk wurare ne da suka cancanci a sami mai zama a kai a kai. Bana muna neman wanda zai riƙe Galma ranakun Asabar.