Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Shekara ta Biyu, a Layin Haɗa Motoci

Assalamu alaikum masu karatu. A makon jiya mun tsaya a sashen fenti. Daga can ake tura ɗan koyo zuwa sashen haɗawa, inda bodi yake shigowa fanko ya fita a kan tayoyinsa. Wata shida ake yi a nan a tsarin kamfaninmu.

Saboda waɗanda suka tarar da mu a tsakiya, ga tsarin koyon aiki haɗe da karatun digiri (degree apprenticeship) a gurguje. A 2015 gwamnati ta ɓullo da shi a Ingila: ka kama aiki a kamfani, kana karɓar albashi, kana kuma karatun digiri, ba ka biyan ko kwabo. Kuɗin makaranta yana fitowa ne daga harajin da aka fara karɓa daga kamfanoni a Afrilun 2017, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da kamfani ke biya, muddin ya haura fam miliyan 3 a shekara. A lokacin, ɗalibin jami'a na yau da kullum yana cin bashin fam 9,250 duk shekara. Jaguar Land Rover na yin nasa shirin da Jami'ar Warwick, kuma Nissan a Sunderland, BMW a Oxford da Bentley a Crewe duk suna ɗaukar 'yan koyo. Masu tambayata daga Kano da Maraɗi, ku sani wannan ba tallafin karatu ba ne da ake nema daga gida. Aiki ne, sai mai izinin aiki a ƙasar, kuma galibi sai wanda ya yi shekara uku yana zaune a can.

Abin da ake fara cusa wa ɗan koyo a layi shi ne lissafin lokaci. A ce 'yan aikin safe suna da minti 450 bayan an cire hutu, kuma ana son mota 300. Ke nan duk daƙiƙa 90 sai mota ta bar kowace tasha, wato wurin da ma'aikaci ke tsayawa ya yi nasa aikin a kan layi. Aikin da ke cin daƙiƙa 95 ba ya shiga, sai a raba shi ko a mayar da wani ɓangarensa tashar gaba. Ana ba ka agogo da takarda ka tsaya kana auna motsin ma'aikaci: takunsa zuwa kantar kaya, ɗauko kaya, sunkuyawa, dawowa. Ka fara gaishe shi ka gaya masa abin da kake aunawa. Mutumin da ya shekara ashirin a tashar nan ba ya son yaro ya tsaya a bayansa da agogo babu bayani, kuma shi ya san inda lokacin ke zurarewa.

Aikin da ya fi cin watannin nan shi ne ɗaurin noti. Mutane suna raina shi, alhali kujera, bel, birki, sitiyari da taya duk a kansa suka dogara.

Abin da injiniya ke nema a wurin bol shi ne matsi, wato ƙarfin da yake haɗe ƙarfe biyu da shi idan ya ɗan miƙe. Matsin nan ba ya aunuwa cikin sauƙi a kan layi, shi ya sa ake auna ƙarfin murɗi, da ma'aunin nyuton-mita. Matsalar ita ce kusan kashi 90 cikin ɗari na murɗin yana ƙarewa ne a goga: wajen rabi a ƙarƙashin kan bol, wajen kashi 40 a cikin zaren bol, wato haƙoran da noti ke hawa. Kashi 10 kacal ke zama matsi. Don haka da gogar ta ɗan canza, komai ya canza.

Ɗauki bol mai kaurin milimita 10, mai lamba 8.8 a kansa, a ɗaure shi da nyuton-mita 50. Idan zaren a bushe yake yadda aka tsara, matsin zai kai wajen tan biyu da rabi. Idan mai ko giris ya taɓa zaren, injin ɗauri zai nuna 50 ɗin nan dai, fitila ta kawo kore, amma matsin ya haura tan uku da rabi, dab da inda bol ɗin zai miƙe ya ƙi komawa. Idan kuma fenti ya shiga ramin ko zaren ya yi tsatsa, injin zai kai 50 da wuri ya tsaya, matsin bai kai tan biyu ba. Irin wannan ne ke kwancewa bayan mota ta sha hanya. Duk ukun a kwamfuta lamba ɗaya suke nunawa.

Maganin shi ne a auna murɗi da kwana (wato yawan juyin da bol ya yi) tare. Injinan ɗauri na lantarki suna rubuta digirin da bol ya juya daga inda ya fara kama jiki. Murɗi ya cika amma kwanar ta yi kaɗan? Ko zare ya hau a karkace, ko akwai datti a rami. Kwanar ta yi yawa? Ko akwai mai, ko an manta wosha, ko zaren ya cinye. Wasu bol kuwa, irin na kan silindar injin mota, da gangan ake murɗa su har su fara miƙewa, shi ya sa ba a sake amfani da su idan an kwance. Bakaniken da ke mayar da tsohon bol a wurin, ya ƙara wa sifana bututu ya hau da ƙafa, yana sayen aikin gasket ne na gaba.

Idan tasha ta fara kawo jar fitila a kai a kai, ɗan koyo ake miƙa wa binciken. Ba a fara da neman dalili. Ana fara da killacewa: a gano mota ta ƙarshe da aka tabbatar lafiya take, a tsare duk na bayanta har da waɗanda suka fita fili, a bi su da sifana mai ma'auni. Sannan a ciro bayanan injin, a jera su bisa lokaci, a duba abin da ya canza a daidai inda matsalar ta soma. Sau da yawa sabon kwalin bol ne mai wani shafi daban, ko soket ya lashe, ko an canza ma'aikaci. Sai a gwada injin kansa a na'urar awo. Rahoton da ya ƙare da "an ja kunnen ma'aikaci" manya ba sa karɓarsa, kuma ina ganin suna da gaskiya. Gyaran da ake so shi ne wanda zai hana kuskuren yiwuwa, misali layin ya ƙi sakin mota sai injin ya ƙirga bol huɗu masu kore.

Karatu kuma bai tsaya ba. A lokacinmu kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aiki na makaranta ne, wasu kwana ɗaya a mako, mu kuwa mako guda cur bayan 'yan makonni. Layi bai san kana da jarrabawa ba, malami bai san kana aikin dare ba, kuma a nan wasu ke zubewa. Kowane rahoto da jadawalin da ka yi ka adana shi, manajanka ya sa hannu tun da zafinsa, domin a lokacinmu bayan digiri akwai tantancewar ƙarshe da wasu na waje ke yi, kuma hujja suke tambaya. Kafin ka saka bayanan kamfani a aikin makaranta, sai ka nemi izini a rubuce.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga ɗakin gwajin ruwa, inda ake neman yoyon ƙofa da gilashi.