Ban Iya Zane Ba, Amma da Akwatuna Nake Rubutu

Mafi yawan abin da na sani game da ƙaga labari daga littattafan zane na koye shi, wato waɗanda ake ba da labari a cikinsu da jerin hotuna a akwatuna, kuma nakan faɗi haka ko a gaban waɗanda suke ɗaukar irin waɗannan littattafai a matsayin kayan wasan yara. Ni dai ban iya zane ba, domin idan na zana mutum sai na rubuta sunansa a ƙasa kafin a gane ko wane ne. Gajerun labarai nake rubutawa, zube, babu hoto ko ɗaya a cikinsu. Duk da haka, kusan kowane labari da na taɓa kammalawa ya fara ne a kan takardar da na ja wa layuka, na raba ta akwati shida, yadda mai zane yake raba shafinsa kafin ya fara aiki.

Nakan tashi kafin hayaniyar gida ta fara, in kife waya a inda hannuna ba zai kai ba, in ɗauko littafin rubutu da fensir. Dokar da na sa wa kaina ita ce kowane akwati zai ɗauki abu guda ne kawai, kuma dole ya zama abin da ido zai iya gani. Ba zan rubuta cewa wata mata tana cikin damuwa don ƙanenta bai dawo ba, saboda babu mai zanen da zai iya zana wannan jimlar. Abin da zan rubuta shi ne hannunta a kan sakatar ƙofa, sannan a akwati na gaba kujeru biyu, ɗaya babu kowa a kanta, sannan fuskar wayarta tana haske ba tare da wani saƙo ya shigo ba. Sai akwatunan sun cika nake komawa kwamfuta in mayar da su jimloli, kuma a lokacin ne nake gane ko akwai labari a hannuna ko kuwa surutu ne kawai.

Babban sirrin littafin zane yana cikin ɗan farin filin da ke tsakanin akwati da akwati. A ce an zana yaro yana buga ƙwallo kusa da taga, sannan a akwati na biyu an zana dattijo riƙe da tsintsiya yana kallon fasassun gilasai a ƙasa. Babu wanda ya zana fashewar tagar, amma duk wanda ya kalli shafin ya ji ƙararta, ya kuma san cewa yaron ya ranta a na kare. Mai karatu ne ya fasa tagar da kansa, shi ya sa ba zai manta da ita ba. Mai zane kuma marubuci Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan a littafin da ya fitar a 1993, sai dai duk wanda ya tashi yana karanta waɗannan littattafai ya riga ya san abin a jikinsa tun kafin wani ya yi masa bayani. Idan ina gyaran labari, abin da nake fara nema shi ne wuraren da na nuna fashewar taga alhali tsintsiya ta wadatar, kuma da wuya in duba shafi ban sami irin wannan wuri ba.

Akwai kuma batun ƙarancin wuri. Da'irar da ake sa maganar mutum a ciki tana cin filin hoton ne, don haka kowace kalma da marubuci ya ƙara tana rufe wani ɓangare na aikin mai zane. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ake danganta wa Mort Weisinger, wanda ya daɗe yana editan mujallun Superman, cewa idan shafi yana da akwati shida kada kalmomin akwati ɗaya su wuce 35, kada kuma da'ira ɗaya ta ɗauki fiye da 25. Babu wanda ya tilasta wa marubucin zube wannan, amma na ɗauke ta. Duk lokacin da wani a labarina ya buɗe baki ya zarce kalmomi 25 bai numfasa ba, nakan tambayi kaina ko shi ne yake magana ko kuwa ni ce muryata ta shiga bakinsa tana yi wa mai karatu lacca.

Juya shafi ma dabara ce. A littafin da ake karantawa daga hagu zuwa dama, ido yana ganin shafuka biyu a lokaci guda, saboda haka gwanaye sukan ajiye tambaya a akwatin ƙarshe na shafin dama, su ɓoye amsar a bayan takarda, sai an juya. Littattafan manga na Jafan daga dama ake fara su, don haka lissafin yakan juya. Labaran webtoon da suka bunƙasa a Koriya ta Kudu kuwa, waɗanda ake ja da yatsa daga sama zuwa ƙasa a waya, ba su da shafin da za a juya, sai masu yin su suka koma barin dogon fili babu komai, mai karatu yana ta ja zuciyarsa na bugawa. Ƙarshen sakin layi shi ne nawa juya shafin, kuma nakan ɓata lokaci a kan jimlar ƙarshe ta sakin layi fiye da yadda nake yi a kan ta farko.

Game da zama masoyin waɗannan littattafai, abin da ya fi yawa a ciki jira ne. A Amurka an saba fitar da sababbin mujallu ranar Laraba, kuma yawanci kowane labari sau ɗaya yake fitowa a wata, shafi ashirin da 'yan kai, abin da za a karanta cikin minti goma sha biyar a koma jiran wata guda. Na mayar da wannan jira aiki. Idan na gama fitowar wata, nakan rubuta a bayan littafina yadda zan ci gaba da labarin da a hannuna yake, in rufe, sai sabuwar fitowa ta zo in gwada. Ranar da hasashena ya yi daidai nakan ji daɗi na ɗan lokaci, amma na fi amfana da ranar da marubucin ya bi wata hanyar da ban hango ba, domin a nan nake komawa baya in nemo alamun da ya binne tun da wuri. Muhawarar da abokaina suka fi so, wato wane jarumi ne zai doke wane, ba ta taɓa jan hankalina ba. Wanda marubuci ya ga dama shi ne zai yi nasara.

Abin da nake karantawa da kyau shi ne jerin sunayen da ke shafin farko: marubuci, mai zanen fensir, mai bin zanen da tawada, mai sa launi, mai tsara haruffa, da edita. Tarihin wannan sana'a cike yake da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 a 1938. Bill Finger, wanda ya yi aiki mai yawa wajen ƙirƙirar Batman a 1939, ya rasu a 1974, kuma sai a 2015 kamfanin DC, mai wallafa Batman, ya fara sa sunansa tare da na Bob Kane, mai zanen da a da shi kaɗai ake ambata a matsayin wanda ya ƙirƙire shi. A kamfanin Marvel na shekarun 1960, Stan Lee yakan ba da taƙaitaccen bayanin labari, Jack Kirby ko Steve Ditko su zana shafukan gaba ɗaya, sannan a zo a sa maganganu, shi ya sa har yau masoya suke jayayya a kan wa ya kamata a kira marubucin. Saboda waɗannan labarai ne nake sa kwanan wata a kan kowane daftari, nake kuma karanta duk takardar da aka miƙo mini in sa hannu, ko da wanda ya miƙo ta yana murmushi.

Ba komai nake ɗauka daga gare su ba. Labaran manyan jarumai an gina su ne don kada su ƙare, wanda ya mutu a bana zai dawo baɗi, kuma mai karatun da ya saba da haka yakan daina jin zafin mutuwa a labari. Nawa labaran dole su ƙare, wanda ya tafi kuma ya tafi ke nan. Haka nan ba na buɗe littafin kowa kafin in yi rubutun ranar, domin muryar gwani tana da naci, idan ta shiga kunne da safe sai ta wuni tana fitowa ta bakin fensirina.

Kwanan nan wata ƙawar karatuna da ta iya zane ta nemi in rubuta mata labari mai shafi takwas, wanda shi ne karo na farko da akwatunana za su zama hotuna na gaske. Ta dawo mini da shafi na uku ta soke da'irori biyu, ta ce fuskar dattijon da ta zana ta riga ta faɗi abin da na sa a bakinsa. Mun yarda a kan ɗaya, muna nan muna jayayya a kan ɗayar, kuma ta ba ni zuwa ƙarshen mako in kawo hujjar da za ta sa a bar ta.