Hantsa ba ta faɗin ranar haihuwa

Duk wanda ya ce maka da hantsa ake gane saniya ta kusa haihuwa, bai taɓa zaman jiran karsana ba. Tamu Bunaji ce, an yi mata barbarar allura da irin Firiziyan, shanun madara na Turai, a nan wajen Kumo. Hantsarta ta cika tun da sauran makonni, muka yi ta kwana a garke a banza.

Abin da ya yi mini aiki shi ne ranar barbara da na rubuta. Cikin saniya kwana 283 ne, da ɗan ƙari ko ragi, shanunmu masu tozo kuma sukan zarce kaɗan. Daga kwana na 270 na fara taɓa jijiyoyi biyu na gindin wutsiya safe da yamma. Ranar da suka saki har wurin ya lotsa, to ba a cika wuce awa 24 ba. Zafin jiki ma yana sauka da kusan rabin digiri, amma a zafin Gombe sai ka auna da asuba kullum, in ba haka ba ma'aunin zai ruɗe ka.

Inda raina yake ɓaci har yau shi ne jan maraƙi wajen haihuwa. Faya na fashewa, ƙafa na leƙowa, sai maƙwabta suka taho da igiya, ƙarti huɗu. Haba! Karsana tana iya ɗaukar awa biyu bayan fashewar faya. Sai in ta yi minti 30 tana yunƙuri ba ci gaba za ka wanke hannu da sabulu, ka shafa mai, ka duba. In tafin kofato biyu na kallon ƙasa, hanci a kansu, daidai ne. In suna kallon sama, yawanci ta baya maraƙin ya taho, wannan kam ba a jira.

Mutum biyu kawai ke ja, igiya a saman gaɓar kofato, sai saniyar ta yunƙura a ja, ta huta a huta. In an ja amma gaɓoɓin nan ba su fito waje kamar faɗin tafin hannu ba, maraƙin ya fi ƙarfin ƙugunta, a kira likitan dabbobi. Haka tamu ta kasance. Da an bar ƙartin nan sun ja, da sun yaga ta.

Maraƙi ya sha dakashi cikin awa biyu na farko. Mabiyiya in ta kwana ba ta faɗo ba, likita za a nema, ita ma ba a jan ta.