Yadda na bi diddigin gabar Bears da Packers

A garin Kenosha na jihar Wisconsin nake zaune, a bakin Tafkin Michigan, dab da iyakar jihar Illinois. A taswira mu 'yan Wisconsin ne, amma mutanen garin da yawa a Shikago suke neman abinci, jirgin ƙasa na kwasar su kowace safiya. Shi ya sa garin yake a rabe. Da kaka ta yi, wani gida zai kafa tutar kore da ruwan ɗorawa ta Green Bay Packers, maƙwabcinsa ya kafa shuɗiya mai ratsin ruwan lemo ta Bears ɗin Shikago, ƙungiyoyi biyu na ƙwallon ƙafa irin na Amurka da suka daɗe suna gaba. Rabuwar ta shigo har cikin gidana, domin babban ɗana ɗan Packers ne, ƙanwarsa kuma ba ta son jin sunan kowa sai Bears. Wannan ne ya sa na ƙudurta bin tarihin gabar tun daga tushe, in rubuta shi da Hausa saboda 'yan uwanmu mazauna nan, waɗanda 'ya'yansu ke musu a kan abin da su iyayen ba su san kansa ba.

Kafin komai sai da na koyi wasan, kuma duk mai son yin irin wannan aiki ina ba shi shawarar ya fara da nan. Wanda bai san dokar wasa ba, in ya karanta tsohon labarinsa, sunaye da alƙaluma kawai zai gani. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa su miƙa wa abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo gidan ƙarshe ya sami maki 6, wanda ya buga ta ta wuce tsakanin sanduna biyu ya sami 3. Akwai kuma mai jifa, wato kwatabak, wanda kusan kowane hari ta hannunsa yake bi. Da na gane wannan, sai tsofaffin rahotanni suka fara yi mini magana.

Daga nan na shiga ɗakunan karatu ina duba tsofaffin jaridu. Abu mafi amfani da na yi shi ne karanta kowane wasa a jaridun garuruwan biyu, Chicago Tribune da Green Bay Press-Gazette. Wasa ɗaya ne, rana ɗaya, amma sau da yawa sai ka rantse filaye biyu aka je. Abin da wannan ta kira jarunta, waccan ta kira mugunta. Ba abin mamaki ba ne, tunda George Calhoun, wanda ya kafa Packers tare da Curly Lambeau a 1919, shi kansa ɗan jarida ne a Press-Gazette. Ganin haka na riƙe ƙa'ida guda: maki da kwanan wata nakan ɗauka kai tsaye, amma dalili da laifi sai na ji bakin kowa.

Ƙungiyoyin biyu duk daga masana'anta suka fito. Kamfanin sarrafa nama na Indian Packing ne ya ba Lambeau dala 500 ya sayi riguna, daga nan sunan Packers ya samo asali. Ita kuwa Bears, kamfanin sitaci na Staley ne ya rene ta a garin Decatur, George Halas ya karɓi ragamarta a 1920, ya kai ta Shikago a 1921, ya sauya mata suna a 1922. Karonsu na farko ranar 27 ga Nuwamba 1921 ne a Shikago, mutanen Halas suka ci 20 da 0. A wannan wasa ne John Taylor, da ake wa laƙabi da Tarzan, ya naushi Cub Buck na Packers ya fasa masa hanci. Bayan 'yan watanni aka kori Packers daga babbar gasar ƙasar, wadda yau ake kira NFL, saboda ta sa ɗaliban jami'a sun buga mata wasa, abin da doka ta hana. Har gobe a Green Bay ana cewa Halas ne ya tona asirin, ana kuma kafa hujja da cewa ɗaya daga cikin ɗaliban, Hunk Anderson na Notre Dame, a Bears ya ƙare. Lambeau ya dawo da ƙungiyar cikin gasar a 1922. Tun daga 1923 suke haɗuwa kowace shekara, in ban da 1982 da yajin aikin 'yan wasa ya yanke kakar.

Shekarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce 1932. Packers ta ci kofi sau uku a jere, 1929 da 1930 da 1931, a wannan shekara kuma ta ci wasa 10. Bears wasa 6 ta ci, ta yi kunnen doki 6, aka doke ta sau ɗaya. Amma a tsarin lokacin ba a lissafa kunnen doki, don haka Bears ta hau saman Packers, ta je ta doke Portsmouth a wasan raba gardama ta ɗauki kofin. Dattawan Green Bay sun gaji wannan takaici daga iyayensu. To amma a wannan shekarar dai, da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, Halas ya kasa biyan Packers kasonta na kuɗin ƙofa, sai ya rubuta mata takardar bashin dala 1,500. Packers ta karɓa ta jira shi har ya biya. Da ta matsa masa a lokacin, da ta jefa shi cikin mawuyacin hali, ba ta kuwa yi ba.

Sai ga shi abin ya juyo a 1956. Filin Packers ya tsufa ya yi ƙanƙanta, ana ta maganar ko a mayar da ƙungiyar Milwaukee. Aka shirya ƙuri'ar jin ra'ayin mutanen gari a kan kuɗin gina sabon fili. Halas, mutumin da aka fi tsana a garin, ya taso daga Shikago ya tsaya gaban taro yana roƙon jama'a su amince. Suka amince. Aka buɗe filin ranar 29 ga Satumba 1957, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon na zaune, Packers ta doke Bears 21 da 17. Wannan fili ne aka raɗa wa sunan Lambeau a 1965 bayan rasuwarsa.

A nan na fahimci abin da nake rubutawa. Na shiga aikin ina neman labarin ƙiyayya, na tarar da na mutane biyu da kowanne ya san ba zai ji daɗin rayuwa ba in babu ɗayan. A shekarunta na farko gasar NFL ta ƙunshi ƙananan garuruwa, irin su Canton da Akron da Rock Island da Duluth da Pottsville, duk ƙungiyoyinsu sun mutu ko sun ƙaura. Ta Portsmouth ta koma Detroit a 1934. Green Bay kaɗai ta rage, garin da mutanensa suka ɗan haura 100,000, yana karawa da birnin da ke da kusan miliyan 2.7. Dalilai biyu na gani. Na ɗaya, tun 1923 mutanen gari ne suka mallaki ƙungiyar ta hanyar hannun jari wanda ba ya kawo ribar ko sisi. An sake sayar da shi a 1935 da 1950 da 1997 da 2011 da 2021, yau masu shi sun haura 500,000, babu attajiri ɗaya da zai ɗauke ta ya kai wani birni. Na biyu, manyan birane sun yarda a farkon shekarun 1960 a riƙa raba kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin dukkan ƙungiyoyi. Halas na cikin masu faɗa a ji a lokacin, kuma ya san wasan Packers na cikin waɗanda suka fi cika masa fili. Abin ya tuna mini da wasan Kanawa da Zagezagi, inda tsokana ba ta ƙarewa amma zumunci ne ke ƙarƙashinta. Sai dai kwatancen bai cika ba, domin a nan ana karya ƙashi.

Zamanin Vince Lombardi bai ba ni wahala ba, an rubuta shi har an gaji. Wasansa na farko a matsayin kocin Packers, a Satumbar 1959, da Bears ne, ya ci 9 da 6, 'yan wasa suka ɗaga shi a kafaɗa. Ya ci kofi biyar cikin shekara bakwai, har da Super Bowl, wato wasan ƙarshe na fitar da zakara, na farko da na biyu. Halas, yana tsoho, ya katse shi a 1963: ya doke shi gida da waje, ya ɗauki kofi.

Wurin da na fi jinkiri shi ne shekarun 1980, lokacin da Mike Ditka ke horar da Bears, Forrest Gregg kuma ke horar da Packers. Dukansu tsofaffin 'yan wasan ƙungiyoyin ne, kuma ba sa ga maciji da juna. A Oktoban 1985 Ditka ya ɗauko William Perry, ƙaton mai tsaron baya da ake kira Firji saboda girmansa, ya sa aka ba shi ƙwallo ya tura mutane ya shiga gidan Packers, duk ƙasa na kallo a daren Litinin. Mutanen Shikago sun ɗauke shi nishaɗi, na Green Bay sun ɗauke shi wulaƙanci. Ranar 23 ga Nuwamba 1986 Charles Martin na Packers ya shigo fili da tawul a ƙugu, an rubuta lambobin 'yan Bears a jiki. Bayan Jim McMahon ya jefa ƙwallo, ta riga ta yi nisa, Martin ya zo ta bayansa ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a kan kafaɗar da dama take ciwo. An kore shi daga wasan, aka dakatar da shi wasa biyu, McMahon kuwa bai ƙara bugawa a kakar ba. Na ji wasu magoya bayan Packers na neman wanke abin da cewa Bears ce ta fara. Ban yarda ba, kuma haka na rubuta, na kuma faɗa wa ɗana. Wannan ba gaba ba ce irin ta wasa, zalunci ne, hukuncin ma ya yi kaɗan. Wanda zai rubuta tarihin gaba dole ya iya faɗin haka ko da a kan ɓangaren da yake so ne.

Takarda ba ta isa ba, sai da na je filin Lambeau da kaina a lokacin hunturu. Fili ne mai cin mutum sama da 81,000, a tsakiyar unguwar gidajen talakawa, masu gidaje na karɓar kuɗi su bar ka ka ajiye mota a farfajiyarsu. Yawancin kujerun dogayen bencin ƙarfe ne masu sanyin gaske. Mutane na sanye da hular soso mai siffar yankan cuku, zagin da 'yan Illinois ke yi musu ne saboda kiwon shanun madara, suka mayar da shi kambu. Musulmi ya ci abincinsa tun daga gida ko ya yi tambaya sosai, domin abin da ake gasawa a wajen fili yawanci naman alade ne, giya kuma ko'ina. Wani dattijo da muka zauna kusa ya ce mini tikitinsa gadon mahaifinsa ne, jikokinsa kuma tun suna jarirai aka sa sunayensu a layin jira, wanda ya haura mutum 100,000. Da na tambaye shi wasan da ba zai manta ba, bai ambaci kofi ba. Na 5 ga Nuwamba 1989 ya kawo, ranar da Don Majkowski ya jefa wa Sterling Sharpe ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe, alƙali ya ce ya tsallake layi kafin jifa, aka duba bidiyo aka soke hukuncin, Packers ta ci 14 da 13. Shekaru da dama Bears ta riƙa sa alamar tauraro a gefen wannan sakamako a littafinta na shekara, don nuna ba ta gamsu ba.

'Yan Shikago su ma suna da nasu 14 da 13. Walter Payton, gwarzon da ba su da kamarsa, ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 1999. Ranar 7 ga wata suka je Lambeau, Packers ta sami bugun da zai ba ta nasara a ƙarshen wasa, Bryan Robinson ya yi tsalle ya tare ƙwallon. Direbobi da masu gadi da na tattauna da su a Shikago, da yawansu wannan rana suka fara ambata kafin ma kofin Super Bowl na Janairun 1986. Daga irin waɗannan hirarraki na koyi cewa abin da mutane ke riƙewa ba shi ne abin da teburin sakamako ke nunawa ba, kuma dole marubuci ya kawo duka biyun.

Teburin dai ya juya gaba ɗaya. A 1992 Bears na gaba da tazarar wasa 24 a yawan nasara tsakaninsu. Sai Packers ta dace da masu jifa biyu a jere, Brett Favre da Aaron Rodgers, na tsawon shekara 30, ita kuwa Bears tana ta canza nata. A Janairun 2011 suka haɗu a wasan sili-ɗaya-ƙwale, karo na farko tun Disambar 1941, Packers ta ci 21 da 14 a filin Soldier da ke Shikago, aka miƙa mata kofin da ke ɗauke da sunan George Halas a garin Halas. A 2017 ta wuce gaba a yawan nasara tsakaninsu, abin da rabon ta da shi tun shekarun 1930. A Oktoban 2021 Rodgers ya shiga gidan Bears da ƙwallo, ya juya ga 'yan kallo yana ihu cewa har yanzu shi ne ubangidansu. A Disambar 2022, a wannan fili dai, Packers ta ƙwace matsayin ƙungiyar da ta fi kowace cin wasa a tarihin gasar, matsayin da Bears ta daɗe tana tinƙaho da shi. A lissafin da na tsaya a kai, kofuna 13 ne na Packers, 9 na Bears.

Na kusa rufe rubutun a kan haka, sai wasan 5 ga Janairu 2025 ya tilasta mini ƙara shafi. Bears ta zo Lambeau bayan Packers ta doke ta sau 11 a jere, kakarta ta riga ta lalace, ba abin da za ta samu ko ta ci. Cairo Santos ya buga daga yadi 51 lokaci na cika, suka ci 24 da 22. Wata guda bayan haka Virginia McCaskey, 'yar Halas wadda ta gaji ƙungiyar a 1983, ta rasu tana da shekara 102, wannan kuwa shi ne wasan Bears na ƙarshe a rayuwarta.