Abin da teburin haɗa kwamfuta ya koya mini

Mai son haɗa kwamfutar tebur da hannunsa yakan kwana yana lissafin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da katin hoto (mai sarrafa abin da ke fitowa a allo), alhali asarar da ta fi ciwo a wannan sana'a daga wayar wuta take fitowa. Akwai akwatunan wuta, wato masu raba wa kayan cikin kwamfuta lantarki, da ake cire wayoyinsu a mayar. Bakin da ke shiga madabod (babban faifan da ake haɗa komai a kansa) ko hadis (hard disk, ma'ajiyar bayanai) tsarinsa ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin akwatin wutar kowane kamfani da yadda yake jera ƙafafunsa, kai, har samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan saɓa. Sai mutum ya canja akwati, ƙiwa ta hana shi warware wayoyin da ya sha wahalar ɗaurewa a bayan kes, wato gidan kwamfutar, ya cusa tsofaffin a sabo. Su shiga daram, har da ƙarar kulli. Yana danna maɓalli, wutar bolt 12 ta bi layin bolt 5, ɗan ƙauri ya tashi, hadis da SSD (ita ma ma'ajiyar bayanai ce) su tafi da duk abin da ke cikinsu cikin daƙiƙa guda. A da launi kan fargar da mutum, rawaya 12, ja 5. Yanzu galibi baƙaƙe ne. Manyan da ke gaya wa yaran shago "in ta shiga ita ce" su ne ba sa nan ranar da mai kaya ya zo neman hotunansa na shekara goma. Dokar ba ta da wuya: wayar da ta zo cikin kwalin akwati ita kaɗai ake sa masa, in kwalin ya ɓata a auna kowace ƙafa da mitar auna wuta kafin a haɗa komai.

Sai dacewar kaya. Sandunan RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) nau'in DDR4 da DDR5 duka ƙafa 288 gare su, amma tsagar ba wuri ɗaya take ba, wanda ya matsa da ƙarfi zai karya ramin. Soket (mazaunin furosesa a kan madabod) AM5 da AMD ta fitar a 2022 ba ya karɓar komai sai DDR5, shi kuwa LGA1700 na Intel ya danganta da madabod ɗin, wani DDR4 wani DDR5. Furosesar AMD Ryzen 5000 a kan tsohon madabod B450 ba za ta tashi ba sai an sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta), wani lokacin ma sai an aro tsohuwar furosesa a yi.

Ita kwamfutar da aka saya a haɗe ba na raina ta. Garanti ɗaya ne, in ta lalace wuri ɗaya za ka nufa, ba ka tsaya kana canke ko RAM ce ko madabod ba. Ga ofis mai kwamfuta ashirin ita ce hankali. Abin da ke ƙona rai shi ne wasu manyan kamfanoni kan yi madabod da akwatin wuta na kansu, ba mai ƙafa 24 na tsarin ATX na gama-gari ba. Ranar da kake son ƙara katin hoto sai ka tarar wutar ba ta isa, wani akwatin kuma ba ya shiga. Sau da yawa sandar RAM guda suke sawa, alhali biyu sun fi sauri.

Sauran ƙanana ne. In sandunan RAM biyu ne a rami huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa. A shiga BIOS a kunna XMP ko EXPO, wato saitin gudun RAM, in ba haka ba RAM ba za ta kai gudun da aka rubuta a kwalinta ba. A ɓare ledar ƙasan mai sanyaya furosesa kafin a ɗora shi, man zafi da ake shafawa a kan furosesar kuma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa. Kada a ɗaure madabod kai tsaye a jikin ƙarfe babu 'yan ƙusoshin da ke ɗaga shi. In akwai katin hoto, wayar allo a jikinsa take shiga, musamman da furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, wadda ba ta fitar da hoto da kanta.