Daga Nima Zuwa Aboabo

Bayan sallar asuba na bar unguwarmu Nima a Akra, na kama trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Circle inda motocin Kumasi ke lodi. Bikin 'yar yayata za ni a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, amma fita daga Akra kaɗai sai da ta ci mana awa biyu.

Garin ne ya ƙi ƙarewa. Muna yara, da ka wuce Achimota ka fara ganin daji. Yanzu gidaje da shaguna da gidajen mai sun haɗe har bayan Amasaman. Ba mamaki, tunda a ƙidayar 2021 yankin Akra ya haura mutum miliyan 5, har ya sha gaban Ashanti. Gadar Pokuase mai hawa huɗu, wadda aka buɗe a shekarar, mun wuce ta kamar ƙiftawar ido, sai ga mu cikin ƙura da cunkoso.

A Nsawam wata yarinya mai tallar burodi ta biyo motarmu a guje, tire a ka, hannu a taga, ga tirela na huci a bayanta. Silifas ɗinta ɗaya ya fice. Ko waiwaye ba ta yi ba sai da ta karɓi kuɗinta.

Daga Apedwa hanya ta koma falle ɗaya. A nan kowa ke gogayya: mu, da motocin katako, da tirelolin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema za su Burkina Faso da Mali. Kafin Nkawkaw direbanmu ya fita zai wuce tirela biyu a kan kwana, kwatsam sai ga wata babbar mota ta lalace a gaba, ba wata alama sai ganyen da aka watsa a kwalta. Salati ya kaure.

"Masta, ka ji tsoron Allah!" in ji wata Hajiya. "Mutane ka ɗauko, ba buhunan albasa ba."

"Yi haƙuri, Hajiya. Mai mota na jiran kuɗinsa, dole in juyo yau."

Ban wanke shi ba, amma ba shi kaɗai ke da laifi ba. Mutumin da ke gefena, wanda tun daga Suhum yake mitar ana jan ƙafa, bai ƙara cewa uffan ba har Ejisu.

Ana kiran la'asar pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ta ajiye ni ƙofar gidan biki. Yaya ta fito da lalle a hannu.

"Sannu da hanya. Ya ka baro su?"

Na ce ta fara ba ni ruwa tukuna.