Tsatsar tankin tsohuwar mota da yadda muke fitar da ita a garejinmu

Duk Fijo 404 ko 504 ko Bosuwaja da ta shekara goma a ajiye ƙarƙashin dogon yaro, ranar da aka tashe ta ciwonta iri ɗaya ne. Za ta tashi lafiya, ta bar Bauchi ta kama hanyar Jos, kafin a kai Nabordo ta fara shaƙewa, ta mutu. A busa kafireto ta tashi, bayan kilomita biyar ta sake mutuwa. Mai mota ya sauya fulogi, ya sauya famfon mai, ya zagi bakanike, alhali ciwon yana can cikin tanki. Zare filtar mai ka zazzage ta a farin ƙyalle. In ka ga jan gari kamar na bulo, tsatsa ce.

Ruwa ne ke kawo ta. Tankin da aka bari rabi a wofi yana shaƙar iska mai laima, musamman a watan Agusta, dare ya yi sanyi raɓa ta taru a jikin ƙarfen daga ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya gangara ya kwanta a gindi, shi ya sa ƙasan tanki da bakin ɗinki suke fara ruɓewa. Ga kuma man 'yan bumburutu da aka zuba a jarkar da ba ta bushe ba.

Abin da muke fara gaya wa duk wanda ya kawo mana irin wannan mota shi ne, samun madadin tankin nan yana da wuya. An daina harhaɗa 504 a Kaduna tun shekaru, na gwanjo kuwa yawanci ya fi naka ruɓewa. Kuma yawancin tsofaffin tankuna an shafe su da wani siririn rufi na dalma da kuza, an liƙe wuyan zuba mai da dalma. Wannan rufin da wannan liƙin su ne asid mai ƙarfi yake cinyewa. Akwai masu karɓar aikin nan a rabin kuɗinmu, su tuttula ruwan batir ko asid ɗin wanke tayil, cikin awa ɗaya su haska maka tocila ka ga ƙarfe fari fes. Kwana uku ya koma ja fiye da da, wata biyu gindin ya zama rariya. Sannan a dawo mana da shi a ce, "Malam, a duba mana, amma a yi sauƙi, an riga an wanke shi."

Mu ba da asid muke farawa ba. A cire kan batir, a tsiyaye man kaf a fili, nesa da mai walda da mai sigari. Bosuwaja tankinta a gaba yake, lita 40 ne, ƙusoshi huɗu ke riƙe da shi, ba ya ba da wahala. Na 504 a baya yake, lita 56, ƙusoshinsa sukan cije, sai an jiƙa su da mai tun daren jiya. A zare gejin mai da fulot ɗinsa a ajiye gefe, a cire 'yar rariyar da ke bakin mafita, a toshe ramukan da roba.

Sai wankin dauɗa, wanda masu gaggawa suke tsallakewa. Tsohon fetur yana daskarewa ya zama wani baƙin danƙo mai wari kamar na fenti, kuma asid ba ya ratsa shi. Duk tsatsar da ke ƙarƙashin danƙon nan za ta zauna daram. Ruwan zafi lita 10 da omo kofi biyu, a jefa sarƙa mai tsawon mita ɗaya ko biyu, mutum biyu su kama tankin su yi ta jijjigawa minti 20, ana juya shi ta kowane ɓangare. A zubar, a maimaita har ruwan ya daina fitowa baƙi. Mun fi son sarƙa a kan tsakuwa saboda akwai shamaki a cikin tanki mai hana mai tambal-tambal, tsakuwa takan maƙale a bayansa. Wanda ya zuba notuna ya ƙirga su, in hamsin suka shiga hamsin za su fito. Kostik soda ta masu haɗa sabulu tana narka danƙo, amma tana cin alminiyam kuma tana taɓa dalma, ba ma barin ta ta kwana a tanki.

Tsatsa mai sauƙi garin sitirik asid ya ishe ta, irin wanda 'yan kemikal suke sayarwa. Giram 50 zuwa 100 a kowace lita ta ruwan zafi. Ba sai an cika tankin ba, lita 20 ta isa, a kwantar da shi a gefe ɗaya awa 12, a juya, a bi duk fuskokinsa har da rufin sama. Kada a toshe shi gam, a bar ɗan wurin da iska za ta fita. Ruwan khal ma yana yi, sai dai yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku.

Tsatsar da ta yi ɓawo kuwa, wutar lantarki muke sa mata, kuma wannan ne aikin da muka fi alfahari da shi domin ba ya cin lafiyayyen ƙarfe. A cika tankin da ruwa har wuya, a narka soda ash, wato farin garin sodar wanki, ba kostik ba, babban cokali ɗaya a kowace lita huɗu, wato cokali 14 ga tankin 504. A zura guntun rodi ta bakin zuba mai ko ramin geji, a naɗe bakinsa da tiyo, a rataye shi da katako yadda ba zai taɓa jikin tankin ba ko kaɗan. Baƙar waya ta cajar batir mai bolt 12 a jikin tanki, inda aka kankare fenti, jar waya a rodi. In aka juya wayoyin, tankin ne zai riƙa narkewa. Minti kaɗan kumfa za ta fara tasowa, tsatsa ta saki tankin, rodin ya yi ta tara ƙazanta. Duk awa huɗu ko biyar a kashe wuta, a zaro shi a goge. Awa 24 zuwa 48 aikin ke ci. Cajar zamani mai kwamfuta takan ƙi ba da wuta saboda ba ta ga batir ba, tsohuwar mai nauyi ce ta aiki, ko a haɗa da batir a tsakani, wanda kuma yake riƙe aikin in an ɗauke wuta. Ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, yana sakin guba a ruwan. Iskar da ke fita tana kama wuta, don haka a waje ake yi. Lungun bayan shamaki da rodi bai kalla ba, sitirik ke ƙarasa shi.

Awa ɗayar da ke biyo bayan ɗauraya ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Ƙarfe tsirara mai laima yana sake yin ja cikin mintoci. A ɗauraye sosai, a zagaya da fosforik asid lita ɗaya minti 30, shi yana barin wani toka-tokan rufi mai kare ƙarfe, a sake ɗaurayewa. Wanda bai samu ba ya kashe tsamin da ruwan bekin soda. Nan take a zagaya da sifirit rabin lita ya kwashe ruwan da ya ɓuya a ɗinki, a tsiyaye, a busa da kwamfuresa, a shanya a rana baki a buɗe. A watan Maris ko lokacin hunturu rana da iskar Bauchi sun gama aikin a yini. Da damina sai an ƙara kwana, kuma ba ma yarda a matsa mana.

Bayan tsatsa ta fita ne ƙananan huji suke bayyana, domin da ita ce ta toshe su. Mai mota yakan ce mu muka fasa, sai mu nuna masa ɓawon da ya fito. A toshe ramuka, a ba shi iska kaɗan, kada ta wuce psi 2 ko 3 a gejin iska don tanki yana kumbura, a shafa ruwan sabulu a nemi kumfa. Ƙaramin huji da dalma muke liƙewa, da ƙarfen liƙi da aka zafafa a can gefe. Wutar walda ba ta kusantar tankin da bai sha wanki ba, ko ya shekara babu mai, tururin da ke cikinsa ya isa ya tarwatsa shi.

Maganin shafe ciki irin su POR-15 ba kowane tanki muke zuba wa ba, sai wanda ƙarfensa ya yi zanzana. Lita ɗaya ta ishi tankin 504. A zuba, a juya a hankali ya bi ko'ina, a tsiyaye ragowar kaf, a busa bututun tsotson mai da na numfashi kafin ya daskare, a bar shi kwana huɗu. In da ɗigon ruwa ko danƙo a ciki, zai saɓule kamar leda ya toshe bututu, kuma fitar da shi ya fi fitar da tsatsar wahala. Gwangwanin da ba a san asalinsa ba, mai araha, fetur ke narka shi, mun daina karɓa ko mai mota ne ya kawo.

Kafin tanki ya koma mazauninsa muna busa layin mai daga baya zuwa gaba, mu sauya duk tiyon roba da gasket ɗin geji, mu wanke kafireto da rariyar famfo. Muna sa filta mai farar roba da ake ganin ciki kafin famfo, a dawo da motar bayan kilomita 200 mu duba ta. Motar da za a ajiye fiye da wata biyu, a cika tankinta taf, a tabbatar robar murfin tana kamawa.